A Hanya Ake Sanin Aboki

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta iso kunnenmu, wai a taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce an kawo shawarar a soke tafiyar nan da 'yan aji biyar kan yi zuwa ƙasashen waje lokacin hutu. Waɗansu sun ce ɓarnar kuɗi ce, waɗansu sun ce hanya ba lafiya, waɗansu kuma suka ce yawo ne kawai, ba ya ƙara wa yaro ko maki ɗaya a jarrabawa. An ɗage maganar sai taro na gaba. To, ni ina cikin waɗanda suka yi tafiyar da ta wuce, kwana 12, daga Kano zuwa ƙasar Gana ta Jamhuriyar Benin da Togo, don haka na ga bai kamata in yi shiru ba. Na san yaro ne ni, ban isa in gaya wa manya abin da za su yi ba. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni kuwa na gani.

Ra'ayina shi ne kada a soke tafiyar. Na biyu kuma, wanda zai ba 'yan'uwana ɗalibai mamaki, kada a taɓa dokar nan da ta fi ba mu haushi, watau haɗa ɗalibai biyu-biyu ta hanyar ƙuri'a. A ganina wannan doka ita ce gishirin tafiyar duka. Bari in ba ku labarin yadda na gane haka.

Daren da za mu tashi, Malamin Tarihi, wanda shi ne jagoranmu, ya tara mu a ɗakin cin abinci, mu 32. Kowa ya riga ya ƙulla da amininsa a kan inda za su zauna a mota. Sai Malam ya cire hularsa, ya zuba ƙananan takardu masu lamba a ciki, kowace lamba an rubuta ta sau biyu. Ya ce duk biyun da suka ɗauki lamba iri ɗaya sun zama abokan tafiya. Kujerarsu ɗaya a mota, ɗakinsu ɗaya a masauki, kuɗin guzurinsu a haɗe cikin jaka ɗaya, kuma ba mai shiga mota sai tare da ɗan'uwansa. Nan da nan wuri ya ɗauki gunaguni. Aminina ya ɗaga hannu ya ce, "Gafarta Malam, ba za a bar kowa ya zauna da wanda suka saba ba?" Malam ya dube shi ya ce, "In sabo kake nema, ai gida ya fi ko'ina."

Na sa hannu na ɗauko lamba 9. Da aka kira mai ɗayar, sai gabana ya faɗi. Ba zan ambaci sunansa ba, don ya roƙe ni, zan dai kira shi Abokin Kujera. Tun muna aji uku muka yi faɗa a kan bokiti a bakin famfo, daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Yaro ne shiru-shiru, daga ƙauye ya zo, ba ya cikin masu ƙwallo, ba ya cikin masu surutu. Da asuba kowa ya fito da jakarsa mai taya, shi kuwa ya fito da jakar nan mai zane-zane da muke kira Gana-mas-go. Ina cikin waɗanda suka yi dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Allah ya yafe mini.

Kwana biyu muka yi kafin mu isa Legas, don Malam ya hana tafiyar dare. Muka bi ta Kaduna da Abuja, muka ƙetare kogin Kwara, muka kwana a Lokoja inda ya haɗu da Binuwai. Duk wannan tafiya kalmomin da muka yi musaya ni da shi ba su wuce "matsa" da "miƙo ruwa" ba. Ni dai ina ta leƙen bayan mota inda aminina yake.

A rana ta uku muka wuce Badagiri muka isa iyakar Seme. A nan ake duba takardun tafiya da katin nan ruwan ɗorawa na shaidar allurar rigakafin cutar shawara. Ba a bukatar biza, domin Nijeriya da Benin da Togo da Gana duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS da aka kafa a Legas a 1975, wadda ta yarje wa mutanen ƙasashenta su shiga ƙasar juna su yi har kwana 90. Amma kati dole ne. Na laluba aljihu, babu. Na zazzage jaka a ƙasa, babu. Kowa ya wuce ya shiga mota, aminina yana leƙe ta taga yana ce mini in yi sauri. Gumi ya wanke ni, na fara tunanin yadda zan koma Kano in dubi mahaifina. Abokin Kujera kuwa, da an riga an buga wa takardarsa hatimi, ya tsuguna kusa da ni a rana yana ninke kayana ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Jiya a masauki na ga ka sa wani abu cikin littafin Faransanci." Na buɗe, sai ga kati. Za ku ce ai doka ce ta tilasta masa ya tsaya. Gaskiya ne. Amma doka ba ta ce ya ninke mini kaya ba, kuma ba ta hana shi rama dariyar da na yi masa ba. Bai rama ba.

A Kwatano, birni mafi girma a Benin, na sha kunya ta biyu. Ni ne kan zo na ɗaya a Faransanci a ajinmu, amma da na tsaya gaban mai sayar da dogon burodin nan nasu, sai harshena ya ɗaure. Ina ta lissafin namiji da mace a zuciya, ita kuwa tana jira, 'yan acaɓarsu masu riguna ruwan ɗorawa, da suke kira zemijan, suna ta wucewa kamar fari. Abokin Kujera, wanda da ƙyar yake tsallake jarrabawar Faransanci, kalma ɗaya ya riƙe, "kombiyan", watau nawa ne. Da ita da yatsun hannu ya yi ciniki, har aka yi masa gyara. Tun yana ƙarami yake raka kawunsa kasuwar ƙauye, ya san cewa ciniki da fuska ake yinsa kafin baki. Daga ranar muka raba aiki: ni in karanta allunan hanya in canza lissafin naira zuwa sefa, shi ya yi ciniki.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Zo mu zauna, zo mu saɓa. A Lome, babban birnin Togo, zafi ya dame ni, na ɗauki jakar guzurinmu ba da saninsa ba na sha askirim har uku, na kuma saya wa aminina. Da dare ya yi aka zo sayen abinci, kuɗin ranar bai isa ba. A karo na farko na ji muryarsa ta tashi. Ya ce, "Kai in naka ya ƙare akwai mai aiko maka. Ni fa?" Na rasa abin faɗi. Muka yi zaune kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Can ya buɗe jakar nan da na yi wa dariya, ya fito da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da mahaifiyarsa ta ɗaure masa, ya jiƙa a kofi, ya turo mini cokali. Ban taɓa cin abincin da ya yi mini wuyar haɗiya kamar wannan ba, ko da yake ya yi daɗi. Da safe na ba shi haƙuri, na kuma miƙa masa jakar kuɗi ta zauna a hannunsa har muka dawo.

A Lomen nan ne kuma aka yi abin dariyar da har yau ake tsokanar aminina da shi. Agogon Nijeriya da na Benin ɗaya ne, amma na Togo da Gana yana bayan namu da awa guda. Malam ya faɗa a mota, aminina da abokin ƙuri'arsa suna barci. Da agogonsu ya nuna ƙarfe 6, suka yi wanka suka shirya, suka bi ɗakuna suna buga ƙofa wai mun makara, alhali ƙarfe 5 ne a garin. Har direba suka tasa. Su biyun da ba su taɓa shiri ba a makaranta, abin kunyar nan da suka sha tare shi ya ɗinke su.

Daga Lome zuwa Gana ba tafiya ba ce, domin birnin a bakin iyaka yake. Ka taka kaɗan sai ga ka a Aflawo. Mutanen nan da na can duk 'yan ƙabilar Ewe ne, harshensu ɗaya, amma yaran wannan gefe da Faransanci suke karatu, na wancan gefe da Turanci. Malam ya bayyana mana cewa dā Jamus ke mulkin Togo, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila da Faransa suka raba ta, sa'an nan a 1956 ɓangaren Ingila ya jefa ƙuri'a ya haɗe da ƙasar da ta zama Gana a 1957. Abokin Kujera ya ce a hankali, "Kamar Katsina da Maraɗi ke nan." Ƙanwar kakarsa a can take aure. Darasin da muka haddace muka manta a aji, shi ya kama shi da jimla ɗaya.

Muka isa Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Mun ga kabarin Kwame Nkrumah da filin da suke bikin 'yancin kai, mun kuma tsaya bakin teku, inda kowa ya ɗanɗana ruwan don ya tabbatar da gishirinsa, igiyar ruwa kuma ta tafi da silifas ɗin wani ƙafa ɗaya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne unguwar Nima, ɗaya daga cikin unguwannin da suke kira zango. Muna sauka daga mota muka ji Hausa ta ko'ina. Ga mai koko da ƙosai, ga mai tuwo da suke kira tuwo zafi, ga shinkafa da wake da suke kira wace, wadda ake dafawa da karan dafi ta yi ja. Sai dai Hausarsu ta bambanta da tamu, ba su cika rarrabe namiji da mace ba, sai ka ji an ce yarinya ya zo. Na buɗe baki zan yi dariya, Abokin Kujera ya take mini ƙafa. Ya yi daidai. Mutumin da yake jin Hausa da Turanci da harshen Tuwi, wani ma har da na Ga, ban ga dalilin da zan raina shi ba, ni da burodi ya gagare ni saye a Kwatano.

Bayan sallar la'asar wani dattijo ya kira mu ƙofar shagonsa. Muka durƙusa muka ce, "Baba, ina wuni?" Ya ce, "Lafiya lau, 'ya'yana. Daga ina?" Da ya ji Kano, sai ya sa aka kawo mana goro da ruwa. Ya ce kakansa fatake ya biyo zuwa Gwanja sayen goro, bai koma ba. Malam ya ƙara mana bayani cewa shekaru aru-aru ayarin Hausawa na kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga su komo da goro, kuma babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, a Salaga ya zauna kafin ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Alhassan Ɗantata ma ya yi zama a Ankara yana fataucin goro kafin ya shahara da gyaɗa a Kano.

Sai idon dattijon ya kai kan jakar Abokin Kujera, ya yi murmushi. Ya tambaye mu ko mun san inda ta samo sunanta. Ya ce a 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Nijeriya da yawa suka bar gidajensu da shagunansu, cikinsu har da abokan wasansa. A 1983 kuma Nijeriya ta yi irin wannan kora, mutanen Gana wajen miliyan guda suka kwaso kayansu a irin wannan jaka suka nufo gida ta hanyar nan da muka biyo. Ya ce, "Ku da kuke karatu, ku riƙa zuwa kuna ganinmu. Wanda ya ci abincinka ya san sunanka, da wuya ya ɗaure maka kaya." Na dubi jakar da na yi wa dariya a Kano, na sunkuyar da kai.

Daga Ankara muka nufi yamma zuwa Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina wata ganuwa a bakin teku a 1482. Mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, ta koma hannun Ingila a 1872. A ƙarƙashinta akwai ɗakuna masu duhu inda ake tsare bayi maza da mata kafin a fitar da su ta wata 'yar siririyar ƙofa zuwa jirgin ruwa, ba su ƙara ganin gida ba. Mun shiga muna hira, muka fito ba mai magana. Wani daga cikinmu ya fara zagin Turawa, Malam ya ce ba laifi, amma ya tuna cewa kasuwar Salagar nan da muke alfahari da ita, ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, har da mutane. Wannan magana ta yi mana nauyi, kuma ban ga yadda za ta shige mu haka ba da a allo aka rubuta ta.

A daren nan barci ya ƙi zuwa. Muna kwance cikin duhu, ana jin ƙugin teku, sai Abokin Kujera ya fara magana ba tare da na tambaye shi ba. Ya ce ɗakunan nan sun tuna masa da rabuwa. Mahaifinsa ya rasu yana aji biyu. Mahaifiyarsa ce ta sayar da awakinta, kawunsa ya cika sauran, don kada a tafi a bar shi. Abin da ya rage na guzuri bai kai rabin nawa ba, kuma da ba a haɗa kuɗi a jaka ɗaya ba, da kowa ya gane tun a Lokoja. Shekara biyar muna kwana a ɗaki ɗaya a makaranta ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sai a lokacin na fahimci hikimar Malam. Jakar nan guda ta rufa asirin marasa hali, ta kuma koya wa masu hali cewa abin da ke hannunsu akwai haƙƙin wani a ciki.

Allah ya ba ni damar ramawa washegari a dajin Kakum, arewa da Cape Coast. A can an ɗaura gadoji 7 na igiya da katako daga kan wata doguwar bishiya zuwa wata, tsawonsu duka ya haura mita 300, a waɗansu wurare kuma tsakaninka da ƙasa ya fi mita 30. Faɗin katakon bai wuce na taka ƙafa ba, gada kuma tana lilo. Abokin Kujera, wanda ba ya tsoron kare ko kunama, ya kai tsakiyar gada ta farko ya ƙame, ya rufe ido, ya ce shi a nan zai tsaya. Na bayanmu suka fara ihu. Na juyo na ce masa, "Kada ka dubi ƙasa, dubi ƙeyata. In na taka, ka taka." Na yi ta ba shi labarin faɗanmu na bokiti, ina ƙara gishiri, har ya fara musu yana cewa ƙarya nake yi, shi ya riga ni zuwa famfo. Kafin mu gama musun mun ƙare gadojin. Har yau bai yarda ni na riga shi ba.

To, yanzu bari in komo kan dalilan iyayenmu, domin ba maganar banza suka yi ba.

Maganar kuɗi gaskiya ce, kuma ita ta fi damuna. Ajinmu ya fi mutum 32 nesa ba kusa ba. Waɗanda aka bari ba don ba su cancanta ba ne, don babu ne. In tafiyar za ta zama ta 'ya'yan masu hali kaɗai, to, za ta raba mu maimakon ta haɗa mu, kuma da haka gara a bari. Amma maganin wannan shi ne a faɗaɗa ƙofa. Ina ba da shawara a fara tara kuɗin kaɗan-kaɗan kamar adashi tun daga aji huɗu, a ware wani abu daga amfanin gonar makaranta, a kuma roƙi tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin kujeru kaɗan, a ba da su a asirce. Bai kamata wata uwa ta sake sayar da awakinta ba.

Maganar hanya ma gaskiya ce. Duk wanda ke sauraron rediyo ya san abin da ya sha faruwa a waɗansu hanyoyinmu, kuma ba uban da zai yi barci mai daɗi ɗansa na kan titi. Ba zan ce babu haɗari ba. Abin da zan ce shi ne rigakafi ya fi magani: a binciki halin da hanya ke ciki kafin a sa rana, in ba ta yi ba a ɗage, kada a yi tafiyar dare ko sau ɗaya, a riƙa sanar da iyaye ta waya kowane masauki, kamar yadda malamanmu suka yi. A nan ma dokar biyu-biyu ta yi rana. A kwana 12 ba wanda ya ɓata ko na minti goma, domin kowa na da mai nemansa. Malamai uku ba za su iya sa ido a kan yara 32 a tsakiyar kasuwa ba, amma kowane yaro zai iya sa ido a kan yaro ɗaya.

Waɗansu sun ce me zai hana a je Yankari ko Kainji, ga arha ga kusa. Wurare ne masu kyau, ina ma a riƙa kai 'yan ƙananan azuzuwa. Amma akwai abin da ba ya samuwa sai an ƙetare iyaka. A gida kowa na da abin taƙama, wannan ɗan birni ne, wancan ɗan wane ne. Da muka wuce Seme duk muka zama baƙi, ba wanda ya san uban wani. A motarmu akwai Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo da ɗan kudancin Kaduna, akwai Musulmi akwai Kirista, amma a Gana suna ɗaya aka kira mu da shi, 'yan Nijeriya. Ranar da yaran wata makaranta suka ce dafa-dukarsu ta fi tamu, baki ɗaya muka taso musu. Ranar Juma'a 'yan'uwanmu Kirista suka tsare mana kaya a mota har muka fito masallaci, ranar Lahadi mu ma muka jira su. Ba wanda ya umarce mu.

Masu cewa tafiya ba ta ƙara maki, ban da hujjar da zan ce ta ƙara wa kowa. Ni dai na san yanzu ba na jin kunyar buɗe baki in yi Faransanci ko da kuskure, kuma ba zan sake rikita shekarar da aka gina Elmina ba, don na taɓa bangonta da hannuna. Ba yau aka fara ba. Marigayi Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 tare da waɗansu editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abin da zan ƙara a kai daga ɗan abin da na gani shi ne, ilmin da tafiya ke fara buɗewa shi ne na mutumin da ke zaune kusa da kai, da kuma na halinka kai kanka. Ni ban san ina da raini da son kai ba sai a Lome.

Ku kuma ƙannena 'yan aji huɗu, na ji kuna shirin zuwa wurin Shugaban Makaranta ku roƙi a bar kowa ya zaɓi abokinsa. Ina ba ku shawara ku janye. Amininka ba zai gudu ba. Nawa yana nan, ba abin da ya ragu tsakaninmu, sai ma ƙaruwa, don dā mu biyu ne, yanzu mu huɗu ne a kwano. In ka zauna da wanda ka saba, hirar da kuke yi a makaranta ita za ku ɗauka ku kai Gana ku dawo da ita, ƙasashe uku su wuce ta taga ba ku sani ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ba ka da hanyar gwada mutumin da ka riga ka yanke masa hukunci tun a bakin famfo sai an tilasta maka zama da shi.

A hutun da ya wuce na je ƙauyensu Abokin Kujera na kwana biyu. Na durƙusa na gaida mahaifiyarsa, na ce, "Inna, na zo godiyar garin kwaki." Ta yi dariya har da hawaye, ashe ya ba ta labari duka, har na askirim. Da zan taho ta cika mini jaka da gyaɗa da kuka da daddawa in kai wa mahaifiyata. Wace jaka ce, ai kun sani. Na rataya ta na shiga mota har Kano, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Iyayenmu, ku ne masu yanke shawara, duk abin da kuka ga ya dace mu masu biyayya ne. Roƙona dai shi ne, ranar taro, kafin a ɗaga hannu, a kira biyu daga cikin waɗanda ƙuri'a ta haɗa, a tambaye su abin da suka samo. Allah ya ƙara wa malamanmu haƙuri da mu, ya kuma kai ƙannenmu lafiya ya dawo da su lafiya, amin.

Daga wani ɗalibi ɗan aji shida.